Ƙofar da Aka Auna da Ruwa

Shekarar da auduga ta yi kyau, maigidana ya dawo daga kasuwar Kamlin da katako biyu a kan lori, kowanne ya fi shi tsawo, da fara, abin shafe katako. Ƙofa zai yi mini. Har lokacin tabarma ce rataye a bakin ɗakina. Ni kuwa tun ba a gama sauke kayan ba na shaida wa matan da muke ɗibar ruwa tare a tur'a, magudanar ruwan gonaki, su zo ranar Sallah su ga ƙofar katako. Da bakina na faɗa, ba wadda ta tambaye ni.

Aikin dai shi ne a shafe gefen katakon su miƙe, su haɗu ba rata. Tsohon kafintan ƙauyenmu ya ce a kawo ya haɗa a wuni ɗaya, ido guda yake kannewa ya duba. Maigidana ya ce shi bai yarda da ido ba. Wanda ya shekara ashirin yana ba hawasharsa, gonarsa ta noman rani, ruwa ya san ruwa ne alƙali: inda ya kwanta kwari ne, inda ya gudu tudu ne.

Ya kafa rumfa bayan ɗaki, ya tsai da katako kan gefensa, ya shafe, ya ɗauko butar alwala ya tsiyaya a kai, ya tsuguna yana kallo kamar mai duba gona. Katako ya sha ruwa, ya sha rana, washegari ya lanƙwashe. Ya sake shafewa, ya sake zubawa. Maƙwabta, su ma duk manoma, suka riƙa zuwa bayan la'asar da shawara. Wani ya ce buta ta yi kaɗan, a kawo tulu. Ni dai na samu abin hura wuta daga ɓawon katakon da yake shafewa, mako uku ban nemi kara ba.

Da na ga katakon sai ramewa suke, na kai masa shayi na ce, "Malam, anya ba ruwan nan ke cinye mana ƙofa ba?"

Ya ce, "Ke, ruwan da ya taho tun daga madatsar ruwa ta Makwar bai ɓata hanya ba, a kan katako zai ɓata?"

Ana jibi Sallah katakon suka haɗu, ko kuma shi ne ya gaji. Ya buga ƙusa, ya jingina ƙofar a bakin ɗaki, sai ga taƙi biyu a buɗe. Ya kwaɓa laka ya rage bakin ɗakin daidai ƙofarsa.

Ranar Sallah matan suka zo. Ƙofa kam akwai, ba mai cewa na yi ƙarya. A karkace suka shiga, ɗaya bayan ɗaya, kowace na tattare tobinta na lulluɓi tana sa albarka. Babbarsu, mai jiki ce, ta gwada ta dama, ta gwada ta hagu, sannan ta zauna a tsakar gida ta ce in miƙo mata shayinta, wai daga nan aikin ƙofar ya fi fitowa.