Baba Ya Ce Inabin Bai Nuna Ba

Mahaifina Ettore shekararsa saba'in da huɗu. Tun da kakanmu ya bar noman taba ya dasa inabi a gangaren dutsenmu na King Valley, Baba bai taɓa barin feshi ko takin zamani ya shiga gonar ba. Tumaki ke cinye masa ciyawa, agwagi su tsince ƙwari. Ba ni da ja a kan wannan. Rigimata da shi a kan ranar tsinkar inabi ce.

Yayana Renzo ya saya masa na'urar auna zaƙin inabi, har yau tana cikin kwalinta. Baba da harshensa yake awo.

Wani watan Maris ya kira ni a waya. "Nives, tattaro mutane, Asabar za mu tsinka."

Mutum goma sha ɗaya na kwaso daga Melbourne, tafiyar awa uku da rabi, har da surukata mai ciwon gwiwa. Muna tsaye da almakashi da bokitai, ya ciri ƙwaya ɗaya, ya tauna, ya tofar da 'ya'yan a tafin hannunsa.

"Da saura."

"Haba Baba! Tun asuba fa muka taso!"

"Inabin bai san kun taso ba. Ku ci taliya ku koma."

Asabar ta gaba ma haka aka yi. Daga nan surukata ta daina ɗaga wayata.

Sai ranar wata Talata ina wurin aiki, ya kira ya ce, "Yau ne." An ce ana sa ran ruwan sama washegari. Mu huɗu kacal muka samu zuwa. Kwana biyu muna hawa da sauka da bokitai, muna zamewa a taɓo, Renzo yana rantsuwa daga bana ya gama da gonar nan. Layi shida na ƙasa ba mu kai gare su ba, suka ruɓe.

Bayan shekara ɗaya da rabi aka buɗe gangar giyar da aka yi da inabin. Giyar ta fito ja wur, ƙamshinta ya cika ɗakin. Renzo ya kurɓa ya kau da kai, don kada ya yaba.

Baba ya juya ta a baki, ya haɗiye, ya yamutsa fuska.

"Kun dai matsa mini. Da mun ƙara kwana uku."

Na ajiye kofina na fita wajen agwagi.