Laujen Bahago a Zauren Na'iya

Na san Na'iya tun shekarar 1979, lokacin da aka kawo ni Tambuwal koyarwa, na sauka a gidan da ke jingine da nasu. Mai garka ne, wato lambu, a bakin fadama. Da rani yana yin albasa da tattasai, da damina kuma gero da 'yar shinkafa. Bai yi suna a gari da komai ba sai abu ɗaya: ba wanda ya taɓa ganin kayan aikinsa yashe a ƙasa.

A zaurensu na ciki akwai bango na ƙasa, an kafe ƙahonin shanu goma sha ɗaya a jikinsa, tsayin kafaɗar mutum. Mahaifinsu ya kafe su tun bangon yana ɗanye. Kowane ƙaho da abin da ake rataya masa, kuma jerin yana bin aikin shekara. Daga bakin ƙofa gatari ne, sai adda, sai galma, sai sungumi, sai hauya, sai laujensa. Can ƙarshe magirbi da guga da igiya da 'yar hauyar gyaran fangalin albasa. In ya dawo daga garka, kafin ya sha ruwa sai ya kankare laka da tsinke, ya goge ƙarfen da tsumma, ya rataye shi ƙota a sama saboda gara. Mai son aro ana ba shi, amma Na'iya zai raka shi har ƙofa yana faɗa masa ƙahon da abin ya fito.

Ƙaho na bakwai ne kaɗai ba a ara abin da ke kansa. Laujen ƙanensa Armaya'u ne.

Armaya'u bahago ne. An yi fama da shi tun yana ƙarami har ya koyi cin tuwo da dama, amma hannun aikinsa bai sake ba. Laujen kowa zamewa yake yi masa a kan ciyawa, har ya taɓa datse kan yatsansa. Sai Na'iya ya kai shi Jabo wurin Malami maƙeri, aka ƙera masa nasa: haƙoran a ɗaya fuskar, wuyan ya karkata ɗaya gefen. Da wannan lauje ba wanda ke riga shi fita kunyar shinkafa.

Bayan girbin 1987 Armaya'u ya bi motar albasa zuwa Kurmi ci-rani. Ina zaune a zauren da safen da ya tafi. Ya goge laujen, ya rataye, ya ce, "Yaya, bar mani shi nan. Kafin ruwan farko nika dawowa."

Wasiƙa biyu suka zo, ni na karanta wa Na'iya duka. Ta farko daga Ibadan, a watan Maris na 1988. Ta biyu bayan shekara biyu, ba adireshi, layi shida, yana gaida kowa yana tambayar ko rijiyar garka ta rufta. Daga nan shiru. An tambayi 'yan goro, an tambayi direbobi, an aika saƙo gidan rediyo sau uku. Wani ya ce ya gan shi a Kumasi, wani ya ce ba shi ba ne.

Na'iya bai cika zancen ba. Abin da yake yi shi ne kowace Juma'a da hantsi ya sauko da laujen, ya shafa masa man kaɗe, ya mayar. Matarsa Hinde takan leƙo ta ce, "Malam, laujen ga ya fi ni shan mai."

Shi kuma ya ce, "Ke kina da hannun shafa ma kanki."

Shekaru suka tafi. Injin ban-ruwa ya zo, guga ta zama ta ajiya, amma ba a sauke ta daga ƙahonta ba. Hinde ta rasu. Yanar ido ta rufe idanun Na'iya a hankali, har ya zama da hannu yake bin bangon. Sai a lokacin na ga amfanin jerin sosai. Yakan dafa ƙofa, ya ƙirga ƙaho da tafin hannu, ya ɗauko abin da yake so ba kuskure.

Bara, ruwan Agusta ya tsaga bangon daga sama har ƙasa. Ɗansa Mannir, ma'aikacin lafiya ne a Kebbe, ya ce a rushe a yi na bulo kafin ya faɗa wa mutum. Na'iya ya ƙi har sati biyu, sannan ya yarda da sharaɗin komai ya koma inda yake. Mannir ya ɗauke shi zuwa Kebbe ya zauna wurin jikokinsa har a gama.

Mannir ya yi ƙoƙari, wannan ina shaida. Ya zo da tef ya auna tazarar kowane ƙaho, ya rubuta a takarda. Da aka gama shafe, ya kafa ƙusa mai inci shida guda goma sha ɗaya, kowace a gurbinta. Don ya faranta wa tsohon rai, sai ya kwashe ƙarafan duka a buhu ya kai wa wani maƙeri a kasuwa, ya ce a wasa, a gyara abin da ke son gyara. Shekararsa biyu lokacin da baffansa ya tafi, kuma bai taɓa riƙe laujen ba, don ba a bari. Maƙerin ya duba ya ga lauje an ƙera shi a baibai. Ya sa shi a wuta, ya juya wuyan, ya shafe haƙoran, ya fitar da sababbi a fuskar da kowa ya sani.

Ranar da aka dawo da Na'iya ina nan. Ya dafa ƙofa, ya bi bango yana taɓawa. Ya yaba kaifin gatari. Ya ce siminti ya yi sanyi a hannu. Da ya kai na bakwai ya sauko da laujen, ya bi bakinsa da babban yatsa, ya sake bi. Sai ya nemi ƙasa ya zauna.

"Mannir, wanga na wa ne?"

"Na Baffa ne, Baba. Wasa shi kawai anka yi."

"Riƙe shi da hagu."

Mannir ya riƙe.

"Yanki iska da shi in ji."

Mannir ya gwada, hannunsa ya ƙi tafiya. Ya mayar dama, laujen ya zauna daidai. Ya tsaya yana kallonsa.

"In ya shigo," in ji Na'iya, "hannu za shi kai nan kafin shi gaida kowa. Shi ji na wani. Shi ce mun fid da rai, mun ba da wurinshi."

Bai yi faɗa ba. Tuwon rana ne dai ya koma yadda aka kawo shi.

Washegari da safe Mannir ya goya shi a babur zuwa Jabo, na bi su a bayan wani ɗan acaɓa. Malami yana da rai, amma ya bar maƙera ga 'ya'yansa, yana zaune a gindin bango yana gyara musu da baki. Ya karɓi laujen ya juya shi.

"Wane jaki ya taɓa mani aiki?"

"Jakin ya fi ka gani," in ji Na'iya. "Kai dai mai da shi yadda ka yi shi."

Malami ya ɗaga ƙarfen ga rana. "Ya sha wuta sau biyu, ya sha dutse. Dubi, kamar ganyen albasa. In na juya shi na fid da haƙora, ba shi ƙara yanka ko ciyawar bakin rijiya."

"Na ji."

"Na'iya, shekara talatin da bakwai. Ko ya dawo, tsoho ne irinmu. Mi za shi yanka?"

"Ban ce shi yanka ba. Shi gane abinshi."

Malami ya sake juya laujen a hannunsa. Sannan ya ce wa babban ɗansa Abdu ya tashi daga kan uwar maƙera ya koma zuga. 'Ya'yan suka ce rabonsa da guduma shekara fuɗu. Ya yi aikin a hankali, bugu kaɗan, dubawa da yawa, yana zagin wutar da Abdu ke ba shi. Sai da azahar ta gabato ya tsoma ƙarfen a ruwa, ya goge, ya miƙa. Na'iya ya karɓa da hagu, ya bi bakin da yatsa tun daga wuya har tsini.

"Shi ne," ya ce. "Ya rame dai."

"Kai ma ka rame," in ji Malami.

Da muka dawo, Mannir ya tone tarin tsohuwar ƙasar bangon da ke bayan gida har ya sami ƙaho ɗaya da bai fashe ba. Ba mu da tabbacin ko shi ne na bakwai. Ya zare ƙusar, ya fasa simintin, ya kafe ƙahon a gurbin. Sauran goman suna nan a kan ƙusa.

Yanzu Na'iya ba ya zuwa garka, Mannir ya ba wani maƙwabci yana nomawa. Amma kayan suna bango, kowanne a wurinsa, ƙota a sama. Ran Juma'a da hantsi nakan shiga in tarar da shi da gwangwanin man kaɗe, yana shafa laujen da ɗan yatsa ɗaya don kada ya lanƙwashe. Lokacin albasa, in manyan motoci suka dawo daga Kurmi suka tsaya a bakin hanya, yakan dakata da shafawar, ya juya kunnensa wajen ƙofa, har sai ƙarar ta wuce.