Alwalar Gimba Direba

Duk mai shiga tashar 'yan Arewa ta gefen Kasuwar Oil Mill a Fatakwal ya san Gimba. Haifaffen Anacha ne, bas yake ja zuwa Inugu tun gemunsa na baƙi wuluk har furfura ta cinye shi. Abin da aka san shi da shi kuwa, alwalar da ya yi da hantsi ita ke kai shi azahar a masallacin unguwar Coal Camp da ke Inugu. Har tsiya direbobi ke masa, wai cikinsa ma tsoron Allah yake.

To, tashar nan tana da al'adarta. Wanda ya ce ya gaji, layinsa ya wuce. Wanda aka kama da gyangyaɗi a kan sitiyari, ciyaman Alhaji Nasidi ya karɓe makulli, ba dawowa. Gimba kuma ba shi da wata sana'a, ga iyali a ɗakin haya. Saboda haka da satin Sallah ya zo, ya yi ta kai da kawowa, goro a kunci, ƙafa ba takalmi don zafin ƙarfe ya riƙa farkar da shi.

Da rana tsaka abin ya faru, bayan an wuce Umuahia. Bai ji hon ɗin tirela ba. Ihun wata fasinja ya ji tana tambaya ko barci yake: "Oga, you dey sleep?" Kafin ya murza sitiyari motar ta sauka daga titi, ta bi ta kan rumfar wata mai sayar da ayaba. Da rai aka ɗauke mai ayabar, amma ƙafarta kam ba ta gyaruwa.

"Birki ne," in ji Gimba. 'Yan sanda suka rubuta birki.

Da la'asar ya isa Coal Camp, ya tarar Alhaji Nasidi ya ji labari ya taso daga Fatakwal da kansa. Aka yi masa jaje, aka ta da iƙama. Liman ba ya nan, sai ladan ya nuna wa Gimba gaban sahu.

"Malam Gimba, bisimilla. Ai kai kullum a shirye kake."

Ya tsaya a bakin tabarma. Ya san barcin da ya kai mutum bai ji hon ba, to ya karya alwala. Ya dai yi wa 'yan sanda ƙarya, amma ya ja mutane salla haka? Ya juya ya ɗauki buta. Duk sahu na kallo ya tsuguna ya sake alwala.

Bayan sallama Alhaji ya miƙo hannu.

"Yaya Gimba, ba birki ba ne ke nan."

"Ba birki ba ne, Alhaji."

Ya ba da makullin. Da motar ta fito daga gareji Musaddiq aka ba, wani direba da ya kwana a hanyar Anacha, idanunsa jajur. Aka ce zai iya lodi yanzu? Ya ce ƙalau yake.