Jinjina ga Kalolaine, Mai Rabon Numfashi

Kullum da yamma, in muka taru a zauren coci gwajin badujala, Kalolaine takan shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofa, fensir a bayan kunne. Baƙo zai ɗauka kiɗa ta zo ji. Ina! Tari take saurare. So take ta san wa ke haki, wa haƙorinsa ya faɗi, wa ya cika ciki da gwaza har ba ya iya jan iska.

Fasto Lisiate ke ƙaga waƙoƙinmu. Yakan zo yana rera su ta hanci, kuma ni mai dukan ganga ba na ɓoye gaskiya: ko akuya ba za ta tsaya ji ba. Kalolaine ce za ta karɓa ta gyara, ta raba wa kowa nasa. Wannan na ƙananan ƙahoni, wannan na manya, nan ganguna su shigo, nan don Allah su yi shiru. Ranar biki a rataya wa Fasto furanni, a tafa wa Taniela mai kaɗa mana sanda, ita kuwa tana baya tana zuba wa mutane shayi.

Bara, muna shirin gasar ƙauyukan tsibirinmu na Vava'u, numfashin tsoho Sekope ya gaza. Tun ba a haife ni ba yake rungume da babban ƙaho. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna can ƙetare a birnin Auckland, ƙahon nan kaɗai ke fito da shi daga gida. Waƙar gasar kuwa da dogon sauti take ƙarewa, shi kuma da ya kai rabi sai sautin ya mutu kamar tsohon injin kwalekwale.

"Goggo, sai dai ya zauna ya yi kallo," Taniela ya ce wa Kalolaine. "Kayar da mu zai yi."

"To, je ka faɗa masa."

"Na ce ko ke za ki..."

"Ni? Ni da na share maka majina? Kaɗa iska ne aikinka, je ka kaɗa. Rabo nawa ne."

A wajenmu ba a ja da yayar uba.

Sai ta kira Maka, masuncin da ke nutso har a fara yi masa addu'a, wanda ke busa a bayan Sekope. Ta tsara masa ya yi shiru a ƙarshen waƙa, sai tsoho ya fara sanyi, shi Maka ya karɓe sautin ya kai shi gaci.

"Lallaɓowa za ka yi kamar ɓarawo," ta ce. "In ya gane, matarka za ta ji inda kake buguwa da ruwan kava."

Ranar gasa sautin nan ya yi ta tafiya har alƙalai suka ɗago kai. Na uku muka zo, amma Sekope bai bar kowa ya huta ba.

"Kun ji? Numfashi ɗaya! Ku yaran yanzu naman gwangwani ya kashe muku ƙirji."

Muka yi ta cizon leɓe muna danne dariya, Maka har da hawaye.

Wannan watan Kalolaine ta ajiye aiki, ido ya yi rauni. Ina gidanta ina ɗaure ganga sai ga Sekope da doya a kafaɗa, yana haki. Ya ajiye, ya rage murya.

"Kalo, wanda zai gaje ki, ki ce masa Maka ya riƙa shigowa da wuri. Bana ko rabi ba na kaiwa."

Ta dube shi ta ce, "Tun watan jiya na matso da shi."

Na sunkuyar da kai kan gangata, don idona ya cika.

Kalolaine, ke ce uwar badujala. Ba ƙahoni kika yi wa rabo ba, mu kika yi wa, da tarinmu da giɓinmu da girman kanmu. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu raba wa mutane aiki, kafin ku ce tsoho ya koma gefe, ku waiga ku ga wa ke bayansa da sauran numfashi.