Maraya mai awo da tozon tiya

Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar Dakoro ya san Maraya, ko bai san sunanta ba. Ita ce doguwar nan mai zama kusa da rumfata, wadda in ta cika tiya sai geron ya yi tozo kamar na bijimi. Ɗiyar ƙanena ce. Ubanta ya rasu tana ciki, shi ya sa sunan ya bi ta. A Korahane aka haife ta, ta yi lekol, makarantar boko ke nan, har ta kai ajin ƙarshe na kolej, sai ga shekarar da bisashe suka ƙare. Muka kwaso sauran kayanmu muka taho Dakoro. Uwarta ta kwanta ciwo, Maraya ta ajiye littattafai ta ɗauki tiya. Ta yi aure, ta haifi uku, tana nan tana awo.

Bara waccan ne ta ce mini za ta koma ta nemi birbe, takardar nan ta gama kolej. Tana son shiga makarantar ma'aikatan likita a Maraɗi, kuma ba a karɓar kowa sai da ita. An kuma gaya mata shekarunta sun kusa wuce na shiga, in ta faɗi bana shi ke nan.

Na ce, "Ke da ɗiyanki za ku riƙa rabon alli?"

Ta ce, "Gwaggo, in kin ga dama ki zo mu tahi tare, akwai wuri a benci."

Wanda ya karɓi koya mata shi ne Mushe Jamilu, malamin lissafi, don Mushe muke ce wa malaman lekol. Na san shi tun ana aiko shi sayen dawa yana ɓatar da rabi a hanya. Yanzu ya yi gemu da tabarau. In kasuwa ta lafa bayan la'asar sai ya zo ya zauna kan buhu, su yi ta zane. Akwai wani ƙarfe mai ƙafa biyu da suke kira kompa, a kafa ƙafa guda, ɗayar ta kewaya ta fidda da'ira. Ni a nan na fara jin wai kowane kewayen abu, bakin tukunya ne ko bakin rijiya, ya ninka faɗinsa sau uku da 'yar ɗoriya. Ban yarda ba. Na ɗauko zare na gwada faifaina, na gwada kwanon sha. Haka ɗin ne. Na yi maza na ɓoye zarena, don ba na son yaron ya samu bakin magana.

Kusurwa ta ba Maraya wahala. Sai ta kwana biyu tana faɗa da wani zane mai kusurwa uku, tana cewa ɗaya ta ɓace mata. Amma da suka zo kan lissafin abin da mazubi ke ci, gwangwani, tano, wato gangar ƙarfe, da rumbu, nan ta sake. Mushe ya ce mazurari mai tsini yana cin kashi ɗaya cikin uku na gwangwanin da suke faɗi ɗaya da tsawo ɗaya. Ta sa maƙeri ya naɗa mata su na kwano, ta zuba gero sau uku, gwangwani ya cika daidai. Ranar har ta manta da masu saye, ni na yi ta auna musu.

Sai aka yi jarrabawar gwaji, wadda ake yi kafin babbar. Aka ba su tambaya: ga tano mai faɗi kaza da tsawo kaza, an cika shi da gero, nawa ya ci? Maraya ta dawo tana murmushi, ta ce wannan kam a gidanta aka same ta. Da sakamako ya fito, tambayar nan ba ta samu komai ba, kuma ita ta ja ta ƙasa.

Mushe Jamilu ya zo da takardar a hannu, ransa a ɓace.

"Yaya Maraya, wannan tsinin da kika ɗora bisa tano, wa ya aike ki?"

"Tozo ne. An ce an cika shi da gero."

"An ce an cika, ba a ce a yi mishi hula ba."

"To a garinku in an ce a cika, shafewa ake? Kai in na shafe maka tiya yanzu, ba sai ka tara mini kasuwa ba?"

Abin da ta yi ke nan: ta lissafa cikin tano daidai, sannan ta lissafa tozon da gero zai yi a sama, ta haɗa. Har tsawon tozon ita ta ƙiyasta da kanta, don ta san yadda gero ke tsayawa kafin ya zube. Ni dai na goyi bayanta. Na ce duk wanda ya rubuta tambayar nan bai taɓa ciyar da gida ba.

Mushe ya cire tabarau ya share. Ya ce, "Inna, lissafin tozon nan babu kuskure ko ɗaya, yaran ajina da yawa ba za su iya shi ba. Amma mai gyaran takarda a wani gari yake, bai san Maraya ba, bai san tiya ba. Abin da aka ba ta shi za ta auna."

Maraya ta yi fushi, ta ce ta bar karatun, ba za ta koyi tauye mudu da girmanta ba. Mushe ya zo sau biyu ta ƙi kallonsa. A na uku ban bari ya yi magana ba. Na ɗauki tiyarta na tsoma a randa na miƙa mata.

Na ce, "Yi mini tozo."

Ta dubi ruwan, ta dube ni.

Na ce, "Can likita da za ki, maganin ruwa za ki riƙa auna wa ɗiyan mutane. In an ce cokali guda, sai ki ƙara musu don kirki? Nan hannunki ne da geronki, ki yi kyauta yadda kika so. Can ba naki ba ne."

Ta juye ruwan a randa ta koma kan awonta. Amma da la'asar na ga ta jawo buhun da Mushe ke zama ta kakkaɓe shi. Daga ranar, kafin ta taɓa lissafi sai ta karanta tambaya a bayyane, ta ja layi ƙarƙashin abin da aka ba ta, ta ce, "Wannan ne nasu." Wani lokaci na ga hannunta yana ƙaiƙayin ƙari, sai ta zauna a kansa.

Aka yi babbar jarrabawa da farkon damina. Ta shiga cikin yaran da ta girme su nesa, har mai tsaro ya ɗauka uwar wani ce ta kawo abinci. Ranar da aka kira sunaye a filin kolej ban je ba, ƙafata ba ta son tsayuwa. Ina zaune sai ga babbar ɗiyarta, Laila, da gudu ba ko kallabi, tana ihu tun daga layin masu gishiri. Maraya ta samu. Ba da rata mai yawa ba, amma ta samu.

Yanzu tana Maraɗi, shekararta ta farko. Mijinta Hashimu yana kai mata gero in ya yi lodin mota zuwa can, yaran kuma suna wurina suna cinye ni. Takan kira ni a salula ran Juma'a. Wancan makon ta ce an fara koya musu allura, a jikin lemu suke gwadawa. Na ce ta yi ta sukar lemun nan har ta ƙware, don ni ba za a fara da cinyata ba.