Bakwainin Ƙanwata

Damina ta yi tsakiya aka aiko mini Wurno cewa ƙanwata ta haihu a Tursa, cikin bai cika wata bakwai ba. Zamanin Nasara ne, asibiti sai Sakkwato. Na bar 'yata wurin surukata, na bi masu jakuna.

Na tarar da yaron cikin masaki, an shimfiɗa masa auduga. Fatarsa ja, kukansa ba ya fita ɗaki. Mijin ƙanwata ya so a kai shi wurin likitan Turawa, ungozoma ta ce gulbi ya cika, yaron ba zai kai rabin hanya ba. Ita kuwa mai jego ta juya fuska bango. Biyu ta binne kafin wannan, ta ƙi ko kallonsa.

Ungozoma ta sa na kwance zane, ta ɗora mini shi a ƙirji, ta ɗaure mu tare. Ba ya iya kama nono, sai a tatsa a ƙoƙo, in tsoma auduga in riƙa ɗiga masa. Ban iya zama wuri ɗaya ba. In ya yi shiru in zabura, in ya motsa in zabura. Uban ma haka, daga ƙofa zuwa zaure, daga zaure zuwa ƙofa, har na ce ya je ya faso itace kada wutar ɗakin ta mutu. Ya faso har muka rasa wurin ajewa. Ranar suna liman ya raɗa sunan, aka yanka rago ba kiɗa.

Ana nan mura ta kama ni. Ungozoma ta ce a raba ni da shi take. Na durƙusa gaban gadon ƙanwata, na fara kwance ɗaurin.

"Yaya, in na saba da shi yat tahi, mi za ni yi?"

Na dai ɗora mata shi. Hannayenta a gefe, sai can ta tallabe shi. Bayan 'yan kwanaki ya kama nono da kansa.

Ya rayu, ko da yake bai taɓa yin jiki ba. Sai da aka girbe gero na koma Wurno. 'Yata ta gan ni a ƙofa, ta ɓuya bayan kakarta, ta ƙi zuwa.