Orobazu, Wanda Ya Tsince Ni

A tsibirinmu in an haihu, ungozoma takan ajiye jariri a ƙasa gaban uban. In ya ɗauka, ɗansa ne. In ya kau da kai, sai bakin juji. Nawa uban kau da kai ya yi, wai mata sun ishe shi. Orobazu ne ya tsince ni.

Jikan wani sarki ne daga can gabas. Da Romawa suka ci ƙasarsu sai suka jefo shi nan yana saurayi, suka hana shi aure, suka hana shi taka jirgi, don kada ya bar magajin da zai tayar musu da hankali. Ya koyi ɗinkin koma wurin masunta, kuma gaskiya bai taɓa iyawa ba. Sukan tsokane shi: "Ranka ya daɗe, kifi na godiya da ƙofar da ka bar masa." Shi dai sai dariya.

Ya ce a ƙasarsu ba a zubar da mutum. Ya nemo mini mai shayarwa, ya raɗa mini suna Tertulla. Da hakimin Romawa ya zo bincike, ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, mace ba ta gadon sarauta. Bayana ya tsinto wasu biyu. Faten sha'ir ɗinsa kullum sai ya kama, amma cikinmu bai taɓa kuka ba.

Sai da furfura ta gama cinye kansa sannan manzon Romawa ya zo da jirgi: an yafe masa, ya koma gida, amma shi kaɗai. Mu kuwa a dokar Romawa tsintattu ne, in ya tafi da mu da tukwanen gidan za a haɗa a sayar. Ni na san yadda yake son ƙasar nan tasu, ko a barci sunan duwatsunta yake kira. Tsoro ya kama ni.

Ya taka har bakin ruwa, mu uku muna biye da shi. Ya daɗe yana shafa jikin jirgin.

Manzon ya ce, "Hau mana, tsoho. Ba a yi wa mutum wannan sau biyu."

Orobazu ya ce, "Ka ce musu na gode. Yarana ba su ci abinci ba."

Jirgin ya tashi ba shi. A tsibirin nan ya ƙare rayuwarsa, mu muka rufe masa ido. Yau in jikokina suka tambaye ni asalinmu, sunansa nake faɗa musu, kuma har in mutu ba zan gama gode masa ba.